Shin Ko Kun San? Ƙwayar Hatsi Ɗaya, Gida 64

Shin ko kun san akwai bashin da ake farawa da ƙwayar hatsi ɗaya tak, amma ko an yashe rumbunan Sassumbrum, an haɗa da na Magariya da Dungas da jihar Damagaram baki ɗaya, ba a biya ko ƙurarsa ba? Ga yawan ƙwayoyin da ake bi: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma 20 ne a jere. Kada ku karya harshe wajen karanta lambar tukuna, za mu zo wurin.

Shin ko kun san daga allon wasa ta fito? Wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji ana yin sa ne a kan allo mai gida 64, takwas a tsaye, takwas a kwance. Hikaya ta ce wani mai hikima a ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan ya kai wa sarkinsa. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukwicinsa. Sissa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Sarki har ya ji haushi, wai an raina masa arziki. Sai da ma'ajin fada suka duƙufa a kan lissafi, suka dawo suka ce ko an tattaro alkamar duniya ba za ta isa ba. Raina kama ka ga gayya. Alƙali Ibn Khallikan, haifaffen Irbil, ya kawo labarin a littafinsa Wafayatul A'ayan, wanda ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256. Labarin hikaya ne, lissafin kuwa gaskiya ne tsantsa: tun wajen shekara ta 1000 Al-Biruni ya fitar da lambar daidai, babu kuskuren alƙalami ko ɗaya, kuma ba shi da kwamfuta ba shi da kalkuleta. Wasan ma ba baƙo ba ne sarai a wannan yanki. A Borno, wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, manyan Barebari suna da irin nasu da ake kira tsatsarandi.

Shin ko kun san da Sissa ya ce a riƙa ƙara masa ɗaya-ɗaya ne, wato 1, 2, 3, 4 har zuwa 64, da duk abin da zai tashi da shi ƙwaya 2,080 ce? Ko kwano guda ba za ta cika ba. A nan sarki ya faɗa rami. Kanmu ya saba da ƙari: bana dami 40, baɗi in Allah ya ba da damina dami 45. Ninki kuwa a farkonsa ba shi da alamar haɗari, sai ya yi nisa yake nuna halinsa.

Mu ajiye alkama, mu auna da hatsinmu. Nauyin ƙwayar gero ya danganta da iri da kyan damina, amma mu ɗauka ƙwaya 1,000 giram 10 ce, don lissafi ya zo da sauƙi. A gida na 11 ƙwaya 1,024 ce, cikin cokali ke nan. Sai an kai gida na 19, mai ƙwaya 262,144, sannan ake samun tiya guda, wajen kilo biyu da rabi. Allo ya kusa kai sulusi, sarki na dariya. Gida na 24 ya kusa buhu, na 25 ya wuce buhu da rabi. Idan aka gama rabin allo, gida 32, duk abin da aka zuba ƙwaya 4,294,967,295 ce, wajen buhu 430 mai kilo 100. Babban ɗan kasuwar hatsi guda a Dawanau ta Kano zai iya biyan wannan bai ji a jikinsa ba. Amma gida na 33 shi kaɗai yana neman 4,294,967,296, wato duk abin da aka zuba a baya da ƙarin ƙwaya ɗaya. Haka dokar take tun daga farko: kowane gida ya fi jimillar duk waɗanda suka gabace shi da ɗaya. Ku gwada da ƙananan: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, gida na gaba 8 ne.

Daga nan abin ya ƙwace. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman gero, a shekara mai kyau takan girbe tan miliyan uku zuwa huɗu. Gida na 50 shi kaɗai ya haura tan miliyan biyar da rabi, kuma saura gida 14. Gida na 59 ya kai duk hatsin da duniya ke nomawa a shekara, shinkafa da masara da alkama da dawa da gero, wajen tan biliyan 2.8. Jimillar allon kuwa ta haura tan biliyan 184. Ko Nijar za ta riƙa girbe tan miliyan huɗu kowace shekara, babu fari babu fara, kuma kowa ya ɗaure cikinsa ba a taɓa ko tiya ba, sai ta yi sama da shekara 46,000 tana biya. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun noman gero da masu tonon tarihi suka samu, a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ba ta wuce shekara 4,500 da wani abu ba.

Shin ko kun san da za a shimfiɗa wannan hatsi a faɗin Nijar, murabba'in kilomita 1,267,000, daga Gaya har Bilma, da ya rufe ƙasar duka da kaurin kusan taƙi guda? Da kuma za a raba wa mutanen duniya biliyan takwas, har jariri na goye sai ya tashi da buhu 230.

Shin ko kun san mai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kai miliyan cikin kwana 11 da rabi, amma biliyan sai ya shekara kusan 32? Lambar Sissa kuwa sai ya yi shekara biliyan 584 da ɗoriya, alhali masana taurari sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya duka a biliyan 13.8. Ko an yi gayya, mutanen duniya biliyan takwas sun zauna kowa na ƙirga nasa, sai an shekara 73. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Lucas ya fitar da wasan wasa ƙwaƙwalwa a 1883, Hasumiyar Hanoi, inda ake kwashe fayafayai daga sanda zuwa sanda, ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora babba a kan ƙarami. In fayafayan 64 ne, mafi ƙarancin motsin da za a yi shi ne wannan lambar dai, ba ragi ba ƙari.

To yaya ake karanta ta? A nan mutanen bakin iyaka suke da matsalar da ba kowa ke da ita ba. Ɗan Magariya da ya yi lakwal, miliyan dubu a wurinsa miliyar ce. Ɗan'uwansa na Babura ko Zangon Daura da ya yi boko, biliyan yake ce mata. In kuwa aka ce biliyan a tsarin Faransanci, miliyan sau miliyan ake nufi, abin da ɗan Najeriya ke kira tiriliyan. Don haka mutum biyu za su iya jin labari ɗaya a rediyo, ɗaya ya fahimci kuɗin da ya ninka na ɗayan sau dubu. A wannan shafi duk inda muka ce biliyan, miliyan dubu muke nufi. Da haka lambarmu ita ce biliyan sau biliyan har sau 18, da ɗoriya. Da ƙirgan kakanni ma tana faɗuwa: zambar dubu ita ce miliyan, to zambar dubu sau zambar dubu sau zambar dubu, sau 18.

Shin ko kun san kakannin namu ba baƙin manyan lambobi ba ne? Wuri ne ya koya musu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya ga yadda ake ƙirga kuɗi. A bakin teku ana shirya wuri a zare, a ƙasar Hausa kuwa a warwatse yake, sai an bi shi da yatsa. Ana jan biyar-biyar, a tara hauya, wato 20, hauya goma ta ba da tsibi na 200, ko a yi tsibi na 1,000. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Barth ya ga an ƙirga 500,000 ya ɗauki abin aikin jarumta, kuma a Kano a shekarar nan wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya. Dabarar a fili take, kuma a ganina ita ce dabarar duk wani lissafi mai hankali: in lamba ta fi ƙarfin ido, sai a ɗaure ta ƙulli-ƙulli, a ba kowane ƙulli suna. Da wuri za a biya Sissa, da keso 922,337,203,685,477 za a jera masa, a cika masa da wuri 11,615 a hannu.

Wannan 200 ɗin ta tsibin wuri ba ta bar mu ba har yau. A kasuwannin Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala tamma biyar, dala metan kuwa ita ce jika, sefa 1,000. A tsallaken iyaka jaka fam 100 ce a da, da naira ta zo a 1973 aka canza fam ɗaya naira biyu, sai jaka ta koma naira 200. Dillalin da ke sayen bisashe a Dungas ya kai Maigatari ranar Alhamis yana ninkawa da biyar, yana rabawa da biyar, yana juya sefa zuwa naira, duk a ka, kafin mai kalkuleta ya gama lalubo madanni. Irin wannan ne ake ce wa bai yi karatu ba.

Shin ko kun san da lambar tamu sefa ce, da ta koma dala cif, ba saura ko tamma? Tana ƙarewa da 5, don haka biyar na raba ta: dala 3,689,348,814,741,910,323. Dalilin da ya sa take ƙarewa da 5 ma ba ɓoyayye ba ne. Ku duba wutsiyar ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Alƙalamin ƙarshe yana zagaye ne, 2, 4, 8, 6, ya sake komawa. Ninki na 64 ya faɗa kan 6, a cire ɗaya, saura 5.

Da gado ce fa? Malamin rabon gado zai sha fama. Rabi ba ya fita, ƙwaya ɗaya ke saura. Tumunin matar mamaci ba ya fita, bakwai ke saura. Sudusi ma haka, saura uku. Sulusi kaɗai ke fita lafiya, domin in kun tara alƙaluman nan 20 za ku sami 87, uku kuwa tana raba 87. Saboda haka in magada ɗa ne da 'ya, babu rigima: ita ta ɗauki 6,148,914,691,236,517,205, shi ya ɗauki ninkinsa. 'Ya'ya maza biyu da mace ɗaya ma kashi biyar ne, ya fita daidai. Zakka kuwa, tunda noman ruwan sama ne ushiri za a fitar, ɗaya cikin goma: tan biliyan 18 da wani abu, abin da ya fi girbin duniya na shekara shida.

Ku kwatanta da 'yar ƙaramar lamba 2,520. Ita ce mafi ƙanƙanta da duk lambobi daga 1 zuwa 10 ke rabawa ba saura. Ana ba da labarin cewa an tambayi Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, irin wannan lamba, ya ce a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara, wato 7 sau 360. Lambobi 48 ne ke raba 2,520. Ƙatuwar tamu, duk girmanta, 128 kacal ke raba ta, kuma tsakanin 1 da 10 babu mai shiga sai 1 da 3 da 5.

Shin ko kun san daga tubali bakwai aka gina ta? Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Mu kira su gagara-rabo. Kowace lamba a duniya ko dai gagara-rabo ce, ko kuwa ninkin wasu gagara-rabo ce, ta hanya ɗaya tilo. Tamu ga tubalanta: 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 641 sau 65,537 sau 6,700,417. Ku lura da biyar daga cikinsu, 3, 5, 17, 257 da 65,537. Kowace ɗaya ce a kan 2, 4, 16, 256 da 65,536, waɗanda kowanne ninkin na bayansa ne da kansa. Wani alƙalin Faransa mai son lissafi, Pierre de Fermat, ya ga biyar ɗin nan duk gagara-rabo ne, sai ya ce a 1640 lallai duk masu biyo baya ma haka suke. Ta shidan ita ce 4,294,967,297. Aka shekara 92 ba wanda ya ƙaryata shi, sai a 1732 wani saurayi ɗan shekara 25, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 na raba ta, ya ba da 6,700,417. Tubala biyun da suka rage ke nan. Tun daga ranar har yau ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a wannan zuri'a ba. Misali biyar a jere ba hujja ba ce, ko daga bakin wa ta fito.

Shin ko kun san a wannan shekara ta 1732 wani Bakatsine ma yana kan nasa lissafin? Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ka samu. A mai gida tara 15 ce, a mai gida 25 kuwa 65. Ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, a can ya rasu a 1741. Yaranmu sun san sunan Euler in sun yi nisa a makaranta. Nawa ne cikinsu aka taɓa gaya wa sunan wannan?

Waɗancan lambobi na Fermat suna da wani sirri a zane. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya gano ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, abin da ya kuɓuce wa masana tun zamanin Girkawa. Mai gefe 7 ba ta yiwuwa, mai gefe 9 ma haka, amma mai 257 da mai 65,537 suna yiwuwa. Wani malami a Jamus, Johann Gustav Hermes, ya kashe shekara goma yana tsara yadda za a zana ta ƙarshen, ya kammala a 1894. Takardunsa na nan ajiye cikin akwati a jami'ar Göttingen. Kowa da abin da ya dame shi.

Shin ko kun san duk wata lamba, daga 1 har zuwa ƙatuwar tamu, ana iya haɗa ta da zaɓen wasu gidajen allon, kuma ta hanya ɗaya kawai? Tiya 40 ta buhu: gidan 32 da gidan 8. Ɗari: 64 da 32 da 4. Mai awo da ke da duwatsu bakwai, na kilo 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64, zai auna kowane nauyi har kilo 127. Marubutan Masar ta dā da ninki suke yin sau, kamar yadda takardar Ahmes ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta nuna. Kwamfuta ma iyakar abin da ta sani ke nan: kowane gida ko a kunne ko a kashe, 1 ko 0. Wayoyin zamani da kwamfutoci da ake ce wa masu bit 64 gida 64 gare su, daidai da allon Sissa. In aka kunna gidajen duka, 1 sau 64 a jere, lambar da ta fito ita ce tamu. Ita ce iyakar abin da na'urar ke iya riƙewa a cinye ɗaya. A ƙara mata ɗaya, sai ta kife ta koma sifili.

Masu bugun ƙasa ma a kan wannan turba suke, ko sun sani ko ba su sani ba. Ba tallar duba muke yi ba, malamai sun riga sun faɗi hukuncinsa, lissafin kawai muke kallo. Kowace siffa layi huɗu ce, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu, shi ya sa siffofin suke 16 ba 15 ba, ba 17 ba. Daga uwaye huɗu ake fitar da sauran, don haka duk shimfiɗar da mai duba zai iya samu a rayuwarsa ba ta wuce 16 sau 16 sau 16 sau 16, wato 65,536. Ku ninka wannan da kanta sau huɗu, ku cire ɗaya, kun dawo kan lambar Sissa. Ku ƙara wa 65,536 ɗaya kuwa, kun sami 65,537, wadda ita aka fi amfani da ita wajen ƙera makullin sirri na RSA da ke tsare hulɗar banki da shafukan intanet.

Shin ko kun san rabin allo ya taɓa yi wa YouTube kaɗan? Ma'aunin ƙirga masu kallo an gina shi ne a kan gida 32, ɗaya an ware shi don alamar ragi, iyakarsa 2,147,483,647. A ƙarshen 2014 waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ta haura wannan adadi, kamfanin ya sanar cewa ya koma gida 64. Akwai irin wannan da ke tafe. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma masu tsohon tsari za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijar da Najeriya. Wadda ba a gyara ba za ta farka ta ɗauka ana cikin Disambar 1901. Ita 2,147,483,647 gagara-rabo ce, Euler ne ma ya tabbatar a 1772.

Shin ko kun san da a kan darar ƙasa aka yi cinikin, mai gurbi 30, da buhu 107 ya kashe maganar? Ƙwaya 1,073,741,823. Ku riƙe wannan lamba, ku juya ta kan asali. Kowa iyaye biyu gare shi, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas. A koma baya zuriya 30, wajen shekara 800 ke nan, lissafi ya ce kakanninka na wannan hawa kaɗai sun haura biliyan. A lokacin kuwa mutanen duniya duka ba su kai rabin biliyan ba. Amsar ita ce mutum ɗaya yana fitowa a gurbi dubbai: auren zumunci, na kusa da na nesa, wanda aka sani da wanda aka manta. Duk mai taƙama da tsarkin asali, lissafi bai goyi bayansa ba.

Ninki ba a allo kaɗai yake ba, yana cikin gidajenmu. Ƙidayar Nijar ta 1977 ta sami mutum miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Akwai gajeriyar hanya: raba 70 da adadin ƙaruwar, ka sami shekarun da abu zai ninka. A nan 18 ne. Yankin Magariya na cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, kuma dattawan wurin ba sa bukatar alƙalami kafin su gane: gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki nawa ke kanta? Jama'a na ninkuwa, gona tana nan yadda take. Haka bashin bazara, a ba ka buhu ka biya biyu da kaka. In ya kwana shekara goma ana juya shi a kan wannan sharaɗi, buhu 1,024 ake bin ka.

Shin ko kun san da wannan lissafi kaɗai za ku gane ƙaryar masu cewa kawo kuɗinka a ninka maka? MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Wannan na nufin kuɗi ya haura ninki cikin wata uku, ya ninku sau 23 a shekara. Babu gona, babu kanti, babu rijiyar mai da ke haihuwa haka. A Disambar 2016 aka rufe asusun mutane. Masu cewa kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu, nasu ya fi sauƙin kamawa: a hawa na 25 ana bukatar mutum miliyan 33 da rabi, sun fi al'ummar Nijar, a hawa na 33 kuwa an wuce mutanen duniya. Kuma tunda kowane hawa ya fi duk na samansa yawa, ko yaushe abin ya rushe, waɗanda suka shigo ƙarshe ba su ci komai ba sun kai rabi.

Shin ko kun san da allon gida 67 gare shi, da lambar da za ta fito tana da nata labarin? Wani limamin Kirista a Faransa, Marin Mersenne, ya ce a 1644 gagara-rabo ce. A watan Oktoban 1903, a taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya tashi bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya na allo, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu, amsa ta zo ɗaya, ya koma ya zauna, aka tashi ana tafi. Daga baya ya ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe a kan neman lambobin biyu.

Har yanzu ana wannan farauta, sai dai da kwamfuta. A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano gagara-rabon da ta fi duk waɗanda aka sani kafin ta girma. Irin lissafin Sissa ne, amma a kan allo mai gida 136,279,841. Tamu alƙaluma 20 ce, waccan 41,024,320. In ana buga alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai an ci shafi sama da 13,600 kafin a rubuta ta sau ɗaya. Manhajar da ake farautar da ita, ta shirin GIMPS, kyauta ce ga duk mai kwamfuta da wutar da za ta riƙe ta. Wata ƙungiya a Amurka, Electronic Frontier Foundation, ta ajiye dalar Amurka 150,000 ga wanda ya fara kawo gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 100.